Tsakanina da Ƙasa

Zazzaɓi ya kama ni ina shekara bakwai, ya tafi da ƙafafuna biyu. A Jugu ne, lokacin ana kiran ƙasar Dahome. Uwata ta riga ta rasu, ubana yana bin motocin goro. Kakata, Iya Dije, ita ke goya ni zuwa bayan gida safe da yamma. Ina girma, tana ranƙwafawa.

Bayan isha'i takan tura doya cikin garwashin murhu, jikoki su kewaye ta. Ni takan jingina ni da turmi. Ina son wannan lokacin, don kowa a zaune yake kamar ni. Wani dare ta ce, "Ga wata nan tafe, mai kunne ya tare ta."

Wai Ƙasa ce ta yi fushi da masu jan ciki, sun dame ta da nauyi. Sai ta ɗauki zafi kamar kaskon tuya. Maciji ya shige rami, kunkuru ya faɗa ruwa. Kadangare ba shi da wurin zuwa. Ya kafa hannuwa ya ɗaga cikinsa. In hannu ya gaji ya sauko, ciki ya ƙone, ya sake tashi.

"Yaushe Ƙasar ta huce?" in ji Ladi, 'yar kawuna.

"Wa ya ce miki ta huce? Gobe ki duba kan katanga."

Yara suka yi dariya. Ni na gane da wa take. Na ce, "Kadangare yana da ƙafar baya, Iya."

"Maigidana, ni ma baya gare ni, guda ɗaya, ka kusa cinye shi."

Na ce in ta gaji ta yar da ni. Ta ɓare doya ta miƙo mini tsakiyar. Ban karɓa ba.

Da damina santsi ya kwashe ta, ina bayanta. Ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Ubana ya kai ni Zongon Paraku, gidan ƙaninsa. A can babu mai goyo. Jan gindi nake yi cikin caɓi har fata ta tsage.

Bayan gidan akwai fili inda wani tsohon soja ke koya wa 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, wasan motsa jiki na bikin gwamnati. Akwai wanda suke kira ekeri: ka dafa katako biyu, ka ɗaga jiki, ƙafafu a miƙe, ka tsaya cak. Sojan ya gan ni ina leƙe ta danga, ya jefo mini katako biyu.

"Kai ba ka da aikin ƙafa, an rage maka rabi. Kulle gwiwar hannu. Tura kafaɗa ƙasa, kada ta hau kunne. Kuma ka yi numfashi."

Wata huɗu ina faɗuwa. Haɓata ta fashe sau biyu. Ranar da na tsaya, ya ƙirga da Faransanci har ashirin, ya ce "To," ya koma kan yaransa. Daga nan na koyi jefa jiki gaba. Na kai kaina bayan gida, na dawo da wandona tsaf.

Sai bayan shekara uku na samu zuwa Jugu. Na tarar idon Iya ya tafi.

"Iya, na tashi."

"Ƙarya kake, maigida."

Na kafa katako a gabanta, na ɗaga. Ta lalubo, ta zura hannu ta ƙarƙashina, ta bar shi nan a ƙasa. Hannuwana na rawa, amma in na sauko zan danne ta. Na riƙe har ta ga dama ta janye.

Ban nemi gafarar maganar da na faɗa mata ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Da, na zaci zuga ni take yi da tatsuniyar. Sai da na manyanta na lura ba ta yi wa kowa alkawarin sauƙi a cikinta ba, har da kanta.

Yanzu ina Zongo, ina gyaran fitila da risho a bakin masallaci. Kafaɗar dama ta fara ƙi. Ban faɗa wa kowa a gida ba.