Ba a Kwashe Gida Duka

Takardar ta iso ranar wata Talata, ina tsakiyar duba jarrabawar 'yan aji uku. An ba ni gurbin ƙaro karatu a Malesiya, shekara biyu, an kuma yarda in tafi da iyalina. Shekara goma sha huɗu na yi a Rabah ina koyar da labarin ƙasa, ina nuna wa 'ya'yan mutane tekuna da tsinin sanda, alhali ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne madatsar Goronyo. Na ninke takardar na ci gaba da ba da maki. Ina jin a ranar babu ɗalibin da ya faɗi.

Mu huɗu ne: ni, da matata wadda ke koyarwa a firamare, da ɗanmu mai shekara goma sha ɗaya, da ɗiyarmu mai takwas. Sunan mahaifiyata aka sa wa ɗiyar, saboda haka bakina bai taɓa furta shi ba. Inna ƙarama nake ce mata. Ita kuma Inna babba, da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran nawa. Malam take ce mini, da wata murya da ke nuna ba ta gama yarda da malantar ba.

Wata biyu muka yi muna shiri. Muka je Sakkwato yin fasfo, mai hoto ya hana yara murmushi, suka fito kamar an kama su da laifi. Aka yi allurai, aka karɓo takardun shaida daga makarantarsu. Matata ta aro sikelin masu albasa tana awon kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, tana cire littattafaina ɗaya bayan ɗaya don yaji ya samu wuri. Ni kuma bayan la'asar sai in shimfiɗa taswira a tabarma in yi musu darasi, domin malami ba ya iya jin tsoro sai ya mai da shi darasi. A nan ɗana ya aza yatsa a kan Makka, ya ja shi zuwa inda za mu, ya ce, "Baba, ke nan can yamma ake kallo a yi salla?" Na ce haka ne, na yaba masa. Sai daga baya na yi tunanin yadda wannan magana za ta faɗa a kunnen Inna.

Muka fara zagayen sallama. Surukaina a Rimawa suka yi addu'a, suka ba mu buhun gero wanda babu jirgin da zai ɗauka. Kawuna a Goronyo ya ba mu busasshen kifi, ya ce a gaida mutanen can in suna jin Hausa. Wurno na bari ƙarshe, kuma na san dalili.

A gidanmu na Wurno akwai wani ɗaki a kusurwar arewa da ake ce wa ɗakin mutan gabas. Wan kakana ne ya tashi da matarsa da 'ya'yansa huɗu zuwa aikin hajji a ƙasa, tun Inna ba ta zo duniya ba. Ya ce damina biyu zai yi. Ba a sake jin komai ba, ko labarin rasuwa, balle a yi zaman makoki a huta. Tun daga nan duk kaka ake yaɓe ɗakin, duk Juma'a ake share shi. Tun daga nan kuma gidanmu ya kafa doka: ba a kwashe gida duka. Duk mai doguwar tafiya sai ya bar yaro ɗaya, don ya kasance akwai abin da zai jawo shi.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar tafarnuwa. Bayan gaisuwa ta jawo ɗiyata jikinta.

"Takwara, an ce sama za ki hau? Ke da ko jaki ba ki iya hawa?"

"Na iya! Ke ce ba ki iya ba."

"Ji bakinta. Malam, ina ƙasar nan take? Kusa da Makka?"

Ɗana, ɗan malami, ya riga ni. "Ta wuce Makka, Inna. Can har yamma ake kallo a yi salla."

Hannunta ya tsaya a kan tafarnuwar. "Mi kac ce?"

Ya maimaita, yana jiran yabo.

"Har gabas ɗin za ku wuce," in ji ta, ba tambaya ba. Ta kaɗe zanenta. "Shekara nawa?"

Na ce biyu.

"Shi ma haka yac ce. To, wa za a bar mani? Namijin karatunshi ya yi nisa, ku tafi da shi. Takwara ta zauna."

Na yi abin da masu ilimi ke yi in an ƙure su, na kawo hujjoji. Na ce yanzu akwai waya, ana ganin fuskar mutum. Na ce jirgi kwana ɗaya ne. Na ce takardar izinin zama tana da ranar ƙarewa, ko mun so zama kora za a yi. Ta saurara har na gama.

"Da munka tafi Kurmi da babanka munka bar ka, mun dawo ko ba mu dawo ba?"

Na ce kun dawo.

"To."

A mota, da muka wuce Marnona, matata ta juyo gare ni. Yara sun yi barci a baya. Ta ce, "Ban haifi ɗiya don a ɗaure ni da ita kamar akuya a turke ba. Amma uwarka ce. Kai za ka faɗa mata, kuma ba ta waya ba."

Abin da ban taɓa gaya wa matata ba, balle Inna, shi ne yadda shekaru ukun da iyayena suka yi a Kurmi suka kasance mini. Ina da shekara shida aka mai da babana aiki Kudu, aka bar ni wurin kakata. Ba a cuce ni ba. Na ci na ƙoshi, an sangarta ni ma. Sai dai sharar ɗakin mutan gabas aikin ƙaramin gida ne, ni ne kuwa ƙarami. Duk Juma'a da hantsi kakata ta buɗe mini ƙofa ta koma. A ciki akwai randa babu ruwa, da tabarma da ake sauyawa in gara ta cinye, da alluna huɗu jingine da bango, daga babba zuwa ƙarami. Rubutun ya dushe, amma a kan ƙaramin ana iya gane inda aka tsaya, a tsakiyar layi. Nakan yi shara ina ba su baya. Kuma da hankalin ɗan shekara shida na gama lissafina: in aka bar mutum, to shi ne mai shara. Ina share wannan ina duban ɗakin iyayena ta ƙofa, ina tunanin yaushe za a ƙara mini shi.

Ranar Juma'a na koma Wurno ni kaɗai. Bayan an sauko daga masallaci na same ta a ɗakinta, na zauna a ƙasa. Ban kawo hujja ko ɗaya ba. Na ba ta labarin allunan, da abin da nake tunani ina shara. Na ce, "Inna, kun dawo. Amma ni na san abin da na gani kafin ku dawo. Ba zan iya ba ta tsintsiyar nan ba."

Ta dubi tafin hannunta.

"Ba ka taɓa faɗi ba."

"Ba a tambaye ni ba."

"Ni ma ba a tambaye ni ba," in ji ta. "Kana tsammanin daɗi nij ji?"

Shekara arba'in da 'yan kai ina ɗanta, ban taɓa kawo wa raina cewa ita ma bari aka sa ta yi ba. Mai koyar da nisan ƙasashe, ga nisan tabarma ɗaya ban auna ba.

Ta ce, "Ku tafi da ita. Allah shi kiyaye hanya."

Na fita ina ganin na yi nasara. Sai ranar da muka zo sallamar ƙarshe na gane abin da na saya. Ta fito da 'yan kunnenta na aure ta sa wa ɗiyata. Ta ba matata tasoshinta na jere. Ta ba ɗana carbin babana. Sannan ta dube ni ta ce ta yafe mini duniya da lahira, in yafe mata, ta bi yaran ɗaya ɗaya ta roƙe su su ma. Na san yafiyar matafiyi, ana yin ta a tsaye a bakin ƙofa ana dariya. Wannan ba ita ba ce.

Na ce, "Inna, shekara biyu ce fa."

Ta ce, "Na ji."

Yanzu muna cikin wata na goma sha tara. Yaran sun saba, ɗiyata har tana gyara mini lafazin Turanci. Duk Juma'a muna kiran Wurno, ƙanena ya riƙe mata wayar. Tana tambayar ko ana samun gero, ko takwara ta yi ƙiba, ko ruwan saman can yana ɗaukewa kuwa. Tana ba mu labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar yaushe za mu dawo ba. Na sha kawo zancen da kaina, in ce saura kaza. Sai ta ce Allah shi kai mu, ta koma maganar albasa.

Makon jiya shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Aikina ya yi kyau, in ji shi, suna so in ƙara shekara ɗaya, ɗaya tak. Matata ta ce yaran za su ƙarasa aji, kuma gaskiyarta ne. Takardar tana cikin jakata. Ban sa hannu ba, ban kuma mayar ba, ga shi jibi Juma'a.