Tarmos a Kujerar Gaba

Duk wanda ya taɓa yin alwala a masallacin mutanenmu na La Courneuve, a gefen Paris, ya san hannun nan. Kana tsugune ka saki famfo, sai wani dogon hannu ya ratso ta saman kafaɗarka ya murɗe shi, har ruwan ya koma kamar zare. Ba sai ka waiga ba. Alhaji Lawali ne, kuma ka san abin da zai biyo baya: "Ruwa ba naka ba ne, aro aka ba ka." Ya yi wa ɗalibai haka, ya yi wa 'yan kasuwa, wata Juma'a har liman bai tsira ba.

Ni ne Isuhu, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa. A Damargu muka tashi, inda raƙumi ke yin nisa da igiya kafin guga ya iso bakin rijiya. Shekara talatin a Faransa ba su cire masa wannan ba. Wata rana a wurin hutawa na kan hanyar Lyon ya gamu da famfon nan da ake dannawa, wanda ba ya tsayawa sai ya ga dama. Alhaji ya gama wanke hannu, ruwa bai tsaya ba. Ya tara buta ta cika, ya tara tafin hannu, ya ƙwala mini kira in kawo tukunya. Wani Bature da ke jira a bayansa ya nuna masa cewa zai tsaya da kansa. Alhaji ya dube ni ya ce wanda ya ƙera famfon nan bai taɓa jin ƙishirwa ba.

Kun san motarsa, tsohuwar kampin-kar ɗin nan mai ɗaki da gado da kicin a ciki. Raƙuma ya sa mata suna, don tana tafe da ruwanta a ciki. Sau biyu a wata yake loda mata shadda da turare daga Paris ya kawo kasuwannin Vénissieux da Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Ni a Vénissieux nake, ina aikin dako a wani depo na ajiyar kaya. Sai in hau jirgin ƙasa in je in taya shi lodi, mu dawo tare. Shekara goma sha tara kujerar gaba tawa ce. Har ta lotsa daidai zamana.

Aikina ba lodi kaɗai ba ne. Alhaji yana da sanyin ƙashi a yatsu, likita ya hana shi ruwan sanyi. Kafin mu tashi nakan tafasa ruwa in cika tarmos. In lokacin salla ya yi sai mu tsaya, in sirka a buta, in gwada da bayan hannuna, in tsuguna ina zuba masa kaɗan-kaɗan. Bai taɓa ce mini na gode ba. Cewa yake, "Isuhu, ka cika hannu." Ni kuwa in ce, "Alhaji, in na rage fiye da haka ai taimama ce."

Muna nan lafiya lau sai ga Mutari. Sa'ana ne, mutumin Maradi, ya yi karatu mai zurfi, aikinsa harkar ɗumama gidaje, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Mutumin kirki ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Ya roƙi Alhaji ya rage masa hanya zuwa Lyon, ya ga ina sirka ruwa a bakin titi, ya yi murmushi ya ce ai yanzu an wuce nan. Akwai shofo, na'urar ɗumama ruwa, wanda ake sa wa irin wannan mota.

Ya ce iri biyu ne. Akwai mai tanki, wanda ke tara ruwa ya ɗumama shi a hankali, amma yana cin wuri, kuma in sanyi ya tsananta sai an zubar da ruwan cikinsa kada ya daskare ya fasa shi. Alhaji ya tsayar da shi nan. Ya tambaya ko da gangan ake zubarwa. Da aka ce masa e, ya ce kada a sake ambaton wannan a motarsa. Na biyun ba shi da tanki. Ruwa na wucewa, wutar gaz na kamawa, ya fito da zafinsa. Idon Alhaji ya yi haske. Ni kuwa na dubi tarmos ɗina.

Kada ku ɗauka washegari ya saya. Sanyi biyu ya yi yana zaɓe. Babu shagon kayan kampin-kar da bai shiga ba tsakanin Paris da Lyon, da butarsa a hannu. Wannan ya yi nauyi, Raƙuma ta tsufa. Wancan sai an huda mata ciki da faɗi don hayaƙi ya fita, ba zai yarda a yi mata babban rauni ba. Wani yana shan batir. Wani kuma mai shagon ne bai amsa gaisuwa da kyau ba. Ya tara katalog har sun cika buhun shinkafa. To wa zai karanta masa su yana tuƙi? Ni ban san ko harafi ɗaya ba a lokacin.

Ranar da abin ya faru, a gindin benen su Alhaji na unguwar Cité des 4000, na buɗe ƙofar gaba kamar kullum. Alhaji ya ce, ko kallona bai yi ba, "Isuhu, koma baya ka kula da shadda. Injiniya zai yi mini karatu."

Shadda ba ta taɓa gudu ba. Na koma baya na zauna tsakanin dilolin kaya, ina kallon ƙeyarsu. Tun daga Paris har Lyon Mutari na karanta lita da kilowat, Alhaji na gyaɗa kai kamar ana fassara masa hadisi. Har goro ya ɓare ya miƙa masa rabi. Rabin nan nawa ne shekara goma sha tara.

Matata ta ce namiji da furfura ba ya kishin kujera. Na ce ba kishi ba ne, bayana ke ciwo a baya. Litinin ɗin da ta biyo na tafi gidan taron unguwarmu ta Minguettes na sa sunana a ajin manya masu koyon karatu. Malamarmu ta tambayi kowa dalilin zuwansa. Wani ya ce takardun likita, wata ta ce tana son ta duba littafin 'ya'yanta. Ni na ajiye katalog ɗin shofo a kan tebur, wanda na sato daga buhun Alhaji. Ta ɗauka sana'ar famfo nake son koyo, ban gyara mata ba.

Ina da haƙuri, ko maƙiyina ya shaida. Da yatsa nake bi, kalma-kalma. A sanyi na biyu, lokacin da suka tsayar da magana a kan wani ƙarami fari, na kai shafinsa. Can ƙasa na ga wani layi da ƙananan haruffa. Na haɗa shi da ƙyar na kai wa malama. Ta ce ma'anarsa, in ruwa bai gudu da ƙarfi ba wutar ba za ta kama ba. Na ce in kamar zare ne fa? Ta ce ko kusa.

Na fito aji ina jin iska na shiga ƙirjina. Injiniya ya auna mota, ya auna batir, ya auna butel, wato tukunyar gaz, bai auna Alhaji ba. Ya kamata in faɗa. Na ce wa kaina in sun tambaye ni zan faɗa. Ba wanda ya tambayi mai gadin shadda.

Aka sa shofo a garejin masu izinin aikin gaz. Mai garejin ya saki famfo gaba ɗaya, ruwa ya fito yana tururi, Alhaji ya kau da kai don kada ya ga ɓarnar. Muka kama hanya. Azahar ta riske mu a wani wurin hutawa bayan Auxerre, sanyi kamar ya yanke kunne. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya buɗe famfo irin buɗewarsa. Zare ya sauko. Ya jira. Ya taɓa. Ƙanƙara.

Mutari ya ce ya ƙara buɗewa. Ya ƙara kamar gashin gira. Shiru. Mutari ya miƙa hannu ya saki famfon, sai muka ji wuta ta kama, buf. Amma kafin mai zafin ya iso sai da na sanyin da ke cikin bututu ya bi rariya, a kan idon Alhaji. Ya kai hannu ya murɗe.

"Injiniya," in ji shi, "wato wutar nan ba ta kamawa sai an yi almubazzaranci?"

Mutari ya fara bayani.

"Bari. Wutar da ɓarna ke kunnawa ai malamai sun daɗe da ba mu labarinta. Ban san ana sayar da ita a kwali ba."

Alhaji ya dubi yatsunsa. Can ya ce da ma Isuhu ya zo da tarmos. Kafin ya rufe baki na zaro shi daga ƙarƙashin shadda, cike, da zafinsa. Nan na kama kaina da kaina. Alhaji ya dubi tarmos, ya dube ni, ya tambaya me ya sa na tafasa ruwa alhali na san an sa shofo. Na ce sabo ne. Ya ce taubashi ba ya yi wa taubashi ƙarya ranar sanyi. Na ce na karanta ne.

"Ka me?"

Ya sa Mutari ya miƙo mini takardar shofon. A tsaye a bakin mota na bi layin da yatsa, ina tuntuɓe. Mutari ya buɗe baki zai taimake ni, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Sai da na kai ƙarshe.

"Da na san kishi ne zai kai ka lakwal koyon karatu," in ji shi, "da tun shekara goma na nemo Injiniya."

Na ɗauka na ci. Bayan salla na nufi ƙofar gaba, Mutari ma ya nufa. Alhaji ya ɗauki tarmos ya zaunar da shi a kujerar, ya ɗaura masa bel. Ya ce ɗaya ya sani ya yi shiru, ɗaya ya yi magana bai sani ba, wannan kaɗai ya yi aikinsa. Mu biyu muka koma cikin shadda har Lyon.

A can bayan ne Mutari ya samo dabara, kuma wallahi dabara ce. A saki famfo cikin buta, na sanyin ya fara shiga, mai zafin ya biyo, su sirka kansu, ko ɗigo ba a yi asara ba. Na ga aikina ya ƙare da gaske. Da la'asar aka gwada. Alhaji ya tsoma yatsa ya ce ya yi zafi. Wata tafiyar ya ce ya yi sanyi. Kullum sai ya ce a ba Isuhu ya gyara. Rannan na taɓa ruwan kafin in gyara, na ji shi daidai, ko ni ba zan sirka fiye da haka ba. Na dubi Alhaji. Ya kau da kai ya ce in yi sauri lokaci na wucewa. Na ɗiga ɗigo biyu daga tarmos, ya taɓa ya ce yauwa. Haka muka yi ta yi har shekara uku, ba wanda ya ce wa wani komai.

Da ciwo ya kwantar da shi ya bar wa matarsa Hajiya saƙo. Raƙuma a ba Injiniya ya riƙa yi wa jama'a hidima da ita, tunda ni ban iya tuƙi ba. Har yanzu abin na ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma ya ce kujerar gaba ta Isuhu ce. Ya kuma ce ranar wankansa ni zan sirka ruwa, Injiniya ya zuba, a gargaɗe shi kada ya cika hannu.

Da ya rasu muka tarar ɗakin wankan gawa yana da famfo mai ƙarfi, ba mu taɓa shi ba sai don cika buta. Na gwada da bayan hannuna sau uku. Mutari na zubawa kamar zare, hawaye na bin gemunsa, na jira a ce mini ya yi zafi ko ya yi sanyi.

Allah ya jiƙan Alhaji Lawali, ya yafe masa, ya yafe mini shirun da na yi. Aron da aka ba shi ya mayar bai ɓarnatar ba. Allah ya shayar da shi daga Alkausara, inda ba mai cewa a rage. Amin.