Rumbun Allura na Hambali

A wani ƙauye kusa da Yekuwa, zamanin da kumandan Bafaranshe ke zaune a Magariya, an yi wani mutum wai shi Hambali, mai ɗinkin rumbu. Gajere ne, kunnuwansa kamar faifai, amma rumbun da ya ɗinka ko ɓera sai ya yi sallama kafin ya shiga.

Wata damina ciwon haƙarƙari ya kama matarsa Tamu. Ya aza ta bisa takarkari sai gidan likita. Majo, wato babban mai duba marasa lafiya, ya ce kinin na zazzaɓi kyauta ne, amma wannan ciwo sabuwar allurar nan yake so, fanisilin, ita kuwa sai an saya. Ya rubuta masa takarda. Da Hambali ya ji kuɗin a kanti sai da ya dafa bango. Ya sayar da akuya biyu da jakinsa. Tamu ta tashi garau, shi kuwa ya koma yana ɗaukar kara a ka.

Da kaka ta yi, ya ɗinka wani ƙaton rumbu a tsakiyar gari, ya tara magidanta. Ya ce kowane gida ya zuba dami ɗaya na hatsi. Duk wanda aka rubuta wa takardar magani, a sayar da hatsin rumbu a saya masa, kada wani ya sake rabuwa da jakinsa. Mutane suka yi ta gunaguni, don sun gaji da rumbun tsimi na gwamnati, wanda ake zubawa dole. Amma sun ga Hambali da kara a ka, suka zuba.

Shekara uku abu na tafiya. Rumbun ya tashi Mariyama ungozoma, ya tashi Wada maƙeri da garma ta sare shi ƙafa ta ruɓe.

Sai ga Tsoho, taubashin Hambali, wani ƙato mai cinye ƙwaryar fura ba ya ɗaga kai. Ya zo bakin rumbu da igiya, mutum biyar na biye da shi.

"Kai mai kunnen jaki, yaushe kwasata za ta zo?" in ji Tsoho.

"Wace kwasa, taubashi?"

"Ba adashi muke ba? Dami uku na zuba, ko mura ban yi ba! Wada ya kwasa, Mariyama ta kwasa. Ni bawanku ne?"

Hambali ya dubi mutum biyar ɗin, kowa da igiyarsa a hannu. Ya san in Tsoho ya ja daminsa yau, kafin la'asar rumbun ya zama kango. Ya sosa kunne.

"Gaskiyarka, ƙaton banza. Kwasarka ta zo. Sai dai rumbun nan ba ya biyan hatsi, allura yake biya. Dami uku, allura uku. Gobe mu tafi ka karɓi abinka."

Tsoho ya washe baki. Ya daɗe yana jin ana cewa allura na ƙara ƙarfi. Ya ce wa mabiyansa su jira shi tukuna.

Washegari suka isa gidan likita, Tsoho har da sabuwar riga. Majo ya saurara, ya dubi Hambali, Hambali ya dubi rufin ɗaki. Majo ya ce shi ba ya yi wa mai lafiya allura, amma tunda baƙo ya yi tafiya, bari ya ga kayan aiki. Ya buɗe tukunyar da ake dafa allurai, ya zaro mafi tsawo da ɗan hantsaki, tana tururi.

"Wannan ta shanu ce ko?" in ji Tsoho, murya ta sirance.

"Ta manya ce, Baba," in ji Majo. "A ɗuwawu ake yi."

"Har uku?"

"Har uku, taubashi. Kwance wandon," in ji Hambali.

Ba a ga fitar Tsoho ba, takalminsa ɗaya kawai aka tsinta a bakin ƙofa. Hambali ya same shi can bayan kasuwa yana haki, ya miƙa masa takalmin.

Kafin su iso gida labari ya riga su. Masu igiya kowa ya saɓa abarsa ya ce dama ɗaurin akuya ya fito. Tamu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Da kaka ta zagayo, Tsoho ne ya fara zuwa bakin rumbu, da dami biyu a ka.

"Ɗaya ake zubawa," in ji Hambali.

"Na sani, mai kunnen jaki. Ɗaya na rumbu. Ɗayan kuma naka ne, ka roƙa mini Allah kada kwasata ta zo har abada."

Hambali ya jefa su duka biyun ciki. Ya rayu har gashinsa ya yi fari yana gyara jinkar rumbun nan duk bazara. Tsoho kuwa ya kai shekara tamanin, allura ba ta taɓa shi ba, kuma bai fasa cewa an cuce shi ba.