Shebur ɗin Tokuji

Da asuba Tokuji Haraguchi yana kwashe dusar ƙanƙara daga dakalin tashar jirgin ƙasa, kamar yadda ya saba shekara talatin da ɗaya. Ba mai son sa a ƙauyen saboda bakinsa ba daɗi, amma ba a taɓa jin wani ya zame a dakalinsa ba.

Ranar ce ta ƙarshe a aikinsa. Kamfani ya kafa injin tikiti, ya ce tashar ba ta bukatar mutum. Jirgin ƙarfe bakwai ya sauke manaja Shimazaki, riƙe da furen da ake ba mai barin aiki. Ya rusuna wa Tokuji.

"Dattijo, sannu da ƙoƙari."

"Injin naka zai kwashe ƙanƙara?"

"Za a duba wannan."

"Ku yi ta dubawa. Tsohuwa Umeko tana shiga jirgi zuwa asibiti duk Talata, da sanda. In ta faɗi, ka kai mata furen."

Da jirgin ya tashi, Tokuji ya nuna layin dogo da yatsa, dama da hagu, bisa ƙa'idar aiki. Sannan ya jingina shebur a jikin injin, ya wuce manajan, ya tafi gida.