Elisha da Motar Surukai

Duk wanda ya zauna a unguwar Television ya san Elisha, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke durƙusawa kusa da motocin mutane a harabar coci, ya karkata kai yana leƙen fenti, alhali sauran jama'a suna gaisawa. Maƙwabcina ne tun ina koyarwa, kuma ina iya shaida cewa ba hassada ke damunsa ba. Ido ne ya yi masa yawa.

A sashen rini na wata masaƙa a Kakuri ya yi ƙuruciyarsa, yana binciken inda launi ya kauce a jikin atamfa. Da masaƙar ta rufe sai ya koma wankin mota, daga bisani ya sayi injin folish ya kafa rumfa. A ra'ayinsa babu sabuwar motar da ba ta da aibi: ko dai ƙura ta maƙale a fentinta tun daga kamfani, ko kuma an goge ta da busasshen tsumma, ta yi siraran karce kamar saƙar gizo, waɗanda sai a rana suke fitowa.

Ranar da dangin saurayin 'yarsa Becky za su zo neman aure, matarsa Jummai ta tare shi tun da safe.

"Baban Becky, yau surukai za ka karɓa, ba masu kawo aiki ba. Ka ajiye idon nan."

"Haba, Maman Becky, ni yaro ne?"

Tana da dalilin gargaɗin. Jagoran baƙin shi ne Baba Mamman na Unguwar Boro, baffan saurayin, mutumin da aka sani da cewa in ransa ya ɓaci ya tashi daga zama, ba ya dawowa. Ya iso cikin baƙar jif sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba.

A irin wannan zama, uban yarinya ba ya magana, 'yan'uwansa ne ke yi a madadinsa. Saboda haka aka zaunar da Elisha ba aikin yi, kuma, bisa rashin lura, kusa da taga. Rana na dukan bonet ɗin motar. Ya kau da kai, ya sake dubawa, ya sha ruwa. Can sai aka ga kujerarsa ba kowa.

Da Baba Mamman ya fito ɗauko kayan gaisuwa daga mota, ya tarar da uban yarinya sanye da babbar riga, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, yana murza folish. Wuri ɗaya kawai ya gwada, faɗin faifai, amma wurin ya yi ƙyalli irin na madubi, har sauran motar ta koma kamar an yayyafa mata toka.

"Malam Elisha, mun zo neman 'ya, kai kuma ka fito neman laifinmu?"

"Ba laifinku ba ne, ranka ya daɗe. Laifin mai goge ta ne. Ko wane ne, a raba shi da tsumma."

"Ni nake goge ta da hannuna."

Jummai, wadda ta biyo su ƙofa, ta dafe kai. Becky, wadda ta leƙo, ta koma ciki.

Baba Mamman ya ciro makulli daga aljihu, kowa ya ɗauka tafiya ce. Ya zagaya motar, ya tsaya kan wurin da aka goge, ya ga fuskarsa a ciki, ya gyara zaman hularsa.

"Yanzu haka zan shiga unguwa da ita, kamar mai makero a goshi?"

"Ai sai an goge ta gaba ɗaya. Kuma ba aikin yini guda ba ne."

Baba Mamman ya daɗe yana juya makullin, sannan ya miƙa wa Jummai, ba mijinta ba.

"Riƙe, Mama. Ni ba na barin motata a gidan da ba mu haɗa komai ba. Mu koma ciki a sa ranar nan."

Aka sa rana, baƙi suka koma gida cikin keke mai ƙafa uku. Elisha kuwa, kafin a gama kwashe kujeru, ya riga ya gano wani tabon a ƙofar motar ta baya.