Shaf Mai Walda

Ban daɗe da fita takaba ba aka aiko mini daga ƙauyen su Malam, marigayi mijina, can bayan Biu, cewa yayarsa tana kwance kuma tana ta kiran sunana. Ita ta raine shi. Ba ta samu zuwa jana'izarsa ba, so take ta ji daga bakina yadda ya cika. Har yau idan na zo nan a labarin, sai 'yata da ke rubuta mini ta ajiye biro ta jira ni.

Damina ce. Motocin haya ba sa shiga hanyar ƙauyen sai babura, ni kuwa ƙuguna ya daina hawa babur. Jif ɗin Malam kaɗai ke ratsa wannan taɓo, don tayoyinta huɗu duk suna ja. To ga shi ta fara ƙas-ƙas daga gaba duk lokacin da aka karya kan sitiyari.

Bakaniken Malam na nan Fagge, wanda ya shekara da shekaru yana cin tuwon gidanmu, ya kwance wani dogon ƙarfe daga bayan tayar dama. Ya ce sunansa shaf, shi ke juya taya, a je Sabon Gari da shi a nemo irinsa. Muka sa shi a buhu, ni da 'yata. Baƙin man da ke jikinsa ya ɓata mini hijabi, warinsa kamar kifin da ya kwana uku.

Duk shagon da muka shiga, kafin a gama kwance buhun an ce, “Akwai, Hajiya, shi ne sak!” Sai a ɗauko wani wanda ko ni da ban san boko ba na ga ya fi namu tsawo. Daga ƙarshe muka faɗa shagon wani dattijo ɗan Ibo, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa. Ya goge bakin ƙarfen, ya ƙirga haƙoransa da tsinke, ya auna tsawonsa.

Ya ce, “Mama, duk waɗanda aka nuna miki na mai jan gaba kaɗai ne. Sunan motar ɗaya, cikinsu daban. Naku babu shi a Kano yau. Ki ba ni kwana biyar ya zo daga Legas.”

Na ce to.

Da yamma bakanike ya zo gida, ya durƙusa, ya yi wa Malam addu'a har da hawaye. Da ya ji labari ya yi dariya.

“Haba Inna! Kwana biyar? Motar Baba ce fa, na san ta kamar yunwar cikina. Gobe za ki same ta.”

Na ji kunyar in fifita bare a kan wanda ya ɗauki makarar mijina. Na sa 'yata ta kira dattijon ta ce mun fasa.

Washegari mota ta zo shiru, ba ƙas-ƙas. Muka ɗora kaya, surukina mijin 'yata ya ja. Ko shataletalen Bata ba mu wuce ba, yana karya kwana muka ji ƙara kamar an fasa tukunya, mota ta tsaya cak a tsakiyar masu kaya. Aka jawo ƙarfen gida biyu. Ashe bakaniken guntule namu ya yi, ya guntule na wata motar, ya haɗa su da walda, ya shafe wurin da baƙin mai don kada a gani. Da a babbar hanya ne, da gudu fa?

Da surukina ya kira shi, cewa ya yi, “Ai ƙaddara ce, ƙarfe ma yana da kwana.” Tir. Ban sani ba ko da shi nake ko da kaina.

Muka koma wajen dattijon. Ya sake aikawa Legas, aka fara ƙirga kwana biyar daga farko. A na huɗu aka bugo waya daga ƙauye. Yayar Malam ta rasu bayan la'asar, kuma har safiyar ranar tana tambaya ko an ji ƙarar mota.