Farashin Ƙaryar Da Na Cika Kundina Da Shi

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna raye.

Lokacin da wannan abu ya faru ina ɗaliba a Yamai, ina digiri na biyu a fannin lissafin kuɗi da auna haɗarin asara. Ni ce ɗiya ta farko a danginmu da ta wuce lakwal, wato makarantar boko ta ƙasa, har ta taka jami'a. Mahaifina direban babbar mota ne mai jigilar siminti daga Malbaza, ya rasu ina ƙarama. Ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwar wake a Konni, shi ya riƙe ni. Kawu bai san boko ba, amma bai taɓa bari an koro ni don kuɗin makaranta ba.

Da aka zo rubuta kundin kammala karatu, na zaɓi hawa da saukar naira a gaban sefa a bakin iyakarmu. Malamina ya ce sai na zauna da ƴan canji wata shida, kullum safe da yamma ina rubuta farashi. Na dawo gida da littafi da biro, ina ganin aiki ne mai sauƙi. Da farko sun riƙa amsa mini, har wani ya baza magana cewa duwan, wato ƴan kwastan, ne suka turo ni leƙen asiri. Daga nan in na doso rumfarsu sai hira ta mutu, kowa ya ja jakarsa. Wani dattijo a cikinsu ya kira ni gefe ya ce in yi haƙuri, wurin nan ba wurin zamana ba ne. Abin da na samu na gaskiya bai wuce na mako uku ba.

Da na gaya wa Kawu, da kalma ɗaya daga bakinsa ta ishe su, don duk sun san shi. Amma na riga na cika baki a gida, kuma ina kunyar in koma wurin malamina hannu biyu. Sai na zauna a ɗakin mahaifiyata na cika sauran watannin daga kaina. Na sa naira ta ɗan sauka, ta ɗan hau, yadda zai yi kyau a ido. Da na zuba alƙaluman a kwamfuta, lissafi ya fito tsaf: duk faɗuwar da naira za ta yi, cikin ƴan makonni take komawa inda take.

Na kare kundin a gaban malamai, aka yaba. Malamina ya ce a ajiye shi a ɗakin karatu don na baya su yi koyi. Duk yabon da aka yi mini ji nake kamar ana ƙara ɗaure ni. Kawu ya yanka rago, ya tara abokansa, ya sa na yi musu bayanin abin da na gano. Na yi, suna gyaɗa kai.

Kawu yana karɓar wake a hannun manoman Tsarnawa da Tajaye bisa amana, ya tsallaka iyaka da shi ya sayar, a biya shi da naira, ya canza a ranar ya sallami kowa. Haka yake yi tun kafin a haife ni. A kakar shekarar, ranar da aka biya shi ta zo daidai da naira ta ɗan zame. Ya kira ni zaure ya ce, "Ɗiyata, ke kika yi karatun. In canza yau in sha ƙaramar asara, ko in jira?"

Na ce ya jira. Har yau ina tambayar kaina dalili. In na ce ya canza, na ƙaryata abin da na faɗa a gaban abokansa. Kuma yawan maimaita ƙaryar ya sa ni kaina na fara yarda da ita.

Mako ya wuce, naira ta ƙara yin ƙasa. Kawu ya tambaye ni, na buɗe kwamfuta na nuna masa layukan da ni na zana su, na ce ya ƙara haƙuri. Manoma suka fara zuwa suna zama a ƙofar gida. Ina jin sa ta taga yana ba su baki, yana cewa ɗiyarsa ta lissafa, kuma ba da ka take magana ba. Akwai wani tsoho daga Tajaye da ya zo sau uku, yana so ya sayi gero kafin ya yi tsada, duk zuwa da kuɗin motarsa. Na daina fita. Kowace safiya sai in ce yau zan faɗa, sai in tuna asarar ta fi ta jiya, faɗin ya ƙara nauyi. Sai in koma addu'ar naira ta tashi ta rufa mini asiri.

A mako na shida Kawu ya shigo bayan la'asar, ya rame, ya zauna a bakin tabarma. Bai ma tambaye ni ba na fashe da kuka na gaya masa komai. Da na gama ya ce, "Mako ukun da kika rubuta da gaske, me suka nuna?"

Na ce, "Ba su isa su nuna komai ba, Kawu. Ban sani ba."

Ya ce, "To ai da wannan kika gaya mini tun farko."

Washegari ya canza kuɗin yadda suke. Ya sayar da motarsa da wani fili da ya ajiye wa ƴaƴansa, ya biya kowane manomi cif. Ga duk wanda ya tambaya sai ya ce son riba ne ya ja shi. Ko mahaifiyata bai gaya wa ba. Yanzu awo yake yi a rumfar wani, shi da a da ake loda wa mota. Yana amsa gaisuwata da fara'a, amma bai sake neman shawarata a kan komai ba.

Ni kuwa da wannan digirin na samu aiki a wani buro, wato ofis, da shi nake ci, da shi nake kai wa Kawu ɗan abin cefane. Kundin yana nan a ɗakin karatu, ɗalibai suna ɗaukar alƙalumansa. Na rubuta wa malamina takarda tun bara, tana cikin jakata. In na kai, aiki na iya tafiya, asirin da Kawu ya rufe da dukiyarsa ya tonu. In ban kai ba, wata rana wani zai gina shawara a kan abin da na ƙirƙira.

An koya mana auna kowane irin haɗari, amma ban sa kaina a lissafin ba. Ƴan uwana ɗalibai, alƙaluman da kuka cika a ɗaki ba sa tsayawa a takarda, suna fita su shiga rumbun wani. In bincike ya ƙi, ku koma wurin malaminku ku faɗa, ko da shekara za ta ƙaru muku. In kuma wanda ya yarda da ku ya tambaye ku abin da ba ku da tabbas a kai, ku ce ba ku sani ba tun a ranar farko. Ni sai da na kai mako shida kafin in iya faɗa.